Riyal talatin a wata: malamin da ke karanta mana teku ta WhatsApp

Sana'ata turare. A Jidda aka haife ni, a nan na yi aure, kuma shekara goma sha tara ke nan ina haɗa turaren wuta da humra ina kai wa shaguna a wajen Bab Makka da Bab Sharif. Rabin jarina yana kan luban, wanda nake saro wa daga Salala ta ƙasar Oman. Duk wanda ya taɓa riƙe luban ya san ba ya shiri da laima. In ruwa ya taɓa buhu, ƙwayoyin sai su manne su zama dunƙule ɗaya, hojari, wato luban mafi daraja, ya koma kayan arha. Tun da aka buɗe hanyar Rub'ul Khali a watan Disamban 2021, kayana ta mota suke zuwa, su ratso hamada su biyo ta Riyad. Wannan ne ya sa mace irina, wadda ba ta taɓa hawa jirgin ruwa ba, take kwana da tunanin abin da ke faruwa a Tekun Arabiya.

Abin da zan ba ku labarinsa wani zaure ne na WhatsApp da nake biyan riyal talatin duk wata don in kasance a ciki. Wani dattijo ne ke tafiyar da shi, ɗan Mai Wurno ta bakin kogin Nilu a Sudan, wanda ya ƙare aikinsa a ofishin duba yanayi na Bur Sudan. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ne ya koro shi zuwa wurin ɗansa a nan Jidda. Bai ba ni izinin faɗin sunansa ba, don haka Malam kawai zan ce, kamar yadda kowa ke kiransa. A zauren akwai direbobin manyan motoci, akwai masu kawo tumaki daga Sawakin, akwai masunta na wajen Jazan da Ƙunfuza, sai mu 'yan kasuwa. Kullum bayan sallar Asuba yana turo saƙon murya da Hausa, haɗe da hoton tauraron ɗan adam wanda ya zana wa kibiyoyi da jan alƙalami. In akwai wani abu a teku, saƙon yakan zama uku a rana. Mai tambaya kuma yana da damar kiransa tsakanin La'asar da Magariba.

Na shiga ne a watan Yunin 2023, kuma tsoro ne ya kai ni. Guguwar Biparjoy tana tsaye a tsakiyar teku, mutane sai yawo suke da bidiyon igiyar ruwa tana haɗiye gari, ana cewa Jidda ta nufo. Wanda ya ga ambaliyar 25 ga Nuwamban 2009 ba ya ɗaukar irin wannan magana da wasa. Mutum sama da ɗari suka rasu a ranar, ni kuma a idona ruwa ya tafi da motar maƙwabcinmu. Na kira Malam murya na rawa, na ce: "Malam, don Allah gaya mini gaskiya, za ta zo mana?"

Ya ce: "Hajiya, kwantar da hankalinki. Kina da kasko kusa? Sa garwashi, zuba turare, ki kashe fanka da mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, sannan ki sake kirana."

Na yi yadda ya ce. Hayaƙi ya miƙe sambal kamar an ja zare har rufin ɗaki. Da na kira shi sai ya ce in kunna fanka. Nan take hayaƙin ya karye daga sama, ya watse. Ya ce to ga rabin karatun nan na gani da idona. Guguwar teku tana buƙatar ginshiƙin iska mai ɗumi ya tsaya kyam daga fuskar ruwa har sama, tsayin kilomita goma sha wani abu. In iskar da ke kaɗawa a sama ta sha bamban da ta ƙasa, ko a ƙarfi ko a inda ta dosa, sai ta sare kan ginshiƙin, abin ya mutu tun yana jariri. Ban taɓa mantawa da wannan ba, domin kullum ina gaban kasko.

Sauran rabin ya ba mu shi a hankali cikin makon, kuma a nan ne na san kuɗina bai tafi a banza ba. Ya ce abincin guguwar teku ruwan ɗumi ne. Sai zafin ruwa ya kai kamar digiri 26 da rabi, kuma ba a fatar sama kaɗai ba, har zurfin mita hamsin ko kusa da haka, domin ita kanta guguwar tana dama ruwa tana tono na ƙasa mai sanyi, in ɗumin bai yi zurfi ba sai ta kashe wutar da take dafuwa a kai. Rana ta dafa ruwan, tururi ya tashi. Da ya hau sama ya tarar da sanyi sai ya koma ɗigon ruwa, kamar gumin murfin tukunya. Sai ya tambaye mu, mu mata, me ya fi ƙuna, ruwan zafi ko tururin dambu in an buɗe madambaci? Kowa ta ce tururi. Ya ce dalili shi ne tururi yana ɗauke da ɓoyayyen zafi, wanda yake saki a lokacin da ya koma ruwa. Wannan zafin da ake saki a cikin gajimare shi ke ƙara ɗumama iskar, ta ƙara sauƙi, ta ƙara hawa. Wurin da ta bari a ƙasa nauyin iska ya ragu, iskar gefe ta ruga ta cike gurbin, tana shafo fuskar teku tana kwaso sabon tururi. Haka abin ke ciyar da kansa. Muddin ruwa na da ɗumi, ba mai hura wa wutar sai ita kanta.

Wani direba ya tambaya, to me ke sa ta juyawa? Malam ya ce a ɗauki faifai a juya shi, wani ya gwada jan layi miƙaƙƙe da gawayi daga baki zuwa tsakiya, za a ga layin ya lanƙwashe. Duniya ma juyawa take, don haka iskar da ke gudu zuwa tsakiya ba ta isa a miƙe, sai ta karkace dama a arewacin duniya, ta riƙa kewayawa saɓanin yadda hannun agogo ke tafiya, irin kewayen da muke yi a ɗawafi. A kudancin duniya akasin haka ne. A kan layin da ya raba duniya biyu wannan karkatarwar babu ita sam, shi ya sa da wuya guguwar teku ta ƙullu sai an yi nesa da layin da kamar kilomita 500. Game da ƙaruwar gudunta kuwa, majajjawa ya kawo: yaro na wulwula dutse da igiya, in ya rage tsawon igiyar dutsen sai ya ƙara sauri. Iskar da ta matso tsakiya haka take yi. In gudun ya kai kimanin kilomita 63 a awa sai a raɗa mata suna. In ya kai 119 ta zama babba. A nan ne ido ke buɗewa, fili mai faɗin kilomita 30 zuwa 60 inda iska ke sauka maimakon hawa, sama ta washe, wuri ya yi tsit. Bangon da ya kewaye idon shi ne inda masifar take. Ya ja kunnen masunta ƙwarai a kan wannan: in ana cikin tsananin iska sai aka ji ɗif, kada kowa ya fito, ɗaya ɓarin bangon yana tafe, kuma daga wancan gefen zai bugo.

Da ya gama shimfiɗa wannan ne ya dawo kan tambayata. Ya ce Bahar Maliya tana da ɗumi fiye da yadda ake buƙata, amma siririya ce, a inda ta fi faɗi ba ta wuce kilomita 350 da 'yan kai ba, kuma hamada ce dama da hagu. Busasshiyar iska in ta shiga cikin guguwa sai ta shanye tururin ta shaƙe ta. Ruwan da ke yi wa Jidda ɓarna, irin na 2009 da na 24 ga Nuwamban 2022 wanda aka auna milimita 179 cikin awa shida, hadarin farkon sanyi ne, wani abu daban, kuma shi ya kamata mu ji wa tsoro, ba bidiyon da aka ɗauko daga wata ƙasa ba. Daren nan na yi barci.

Amma tun da na ce zan faɗi abin da na gani, dole in faɗi inda abin ya ci ni. A kan Biparjoy ɗin nan Malam ya ƙi yanke magana game da Oman. Kwana da kwanaki yana cewa taswirorin hasashe sun rabu, wasu sun kai ta yamma, wasu arewa, a dakata. Ni kuma na sa dillalina a Salala ya riƙe kaya. Ƙarshenta guguwar ta bi arewa maso gabas, ta sauka a Gujarat ta Indiya ranar 15 ga Yuni, Salala ba ta ga komai ba. Kayana suka iso a makare, Arfa ta kama 27 ga wata, na rasa mafi kyawun kwanakin cinikin alhazai. Na ji zafin wannan har cikin raina, kuma na gaya masa. Bai kare kansa ba. Ya ce: "Hajiya, gaskiyarki. Abin da na gani na faɗa, amma da na bambance miki hatsarin jirgin ruwa da na motar da za ta bi ta cikin hamada, da ba ki riƙe kayanki ba." Tun daga ranar ya fara raba bayaninsa gida biyu, na masu ruwa da na masu tudu.

Watan Oktoba na 2023 ɗin kuwa abin ya biya ni ninki. Tun kafin a raɗa wa guguwar Tej suna, Malam ya nuna mana wani curin gajimare a kudu maso yammacin teku, ya ce ruwa a wurin da ɗumi, iskar sama ta kwanta, ba abin da zai hana wannan girma, kuma yamma za ta yi. Ya ce mai kaya a Zufar, lardin da Salala take ciki, ya kwashe yau, kada ya bari sai gobe. Na kira dillali a ranar, aka loda buhu goma sha huɗu, mota ta wuce Samrait ta shiga hamada. Cikin kwana biyu Tej ta tashi daga ƙaramar guguwa ta zama babba, ta shafi tsibirin Sokotra, sannan ta sauka a lardin Mahra na Yaman a daren 23 wayewar 24 ga wata, ruwanta ya kwarara har cikin Zufar. Rumbun da aka ajiye mini kaya ruwa ya shiga shi. Wata abokiyar sana'ata da ba ta cikin zauren, nata luban a can ya kwana. Bayan haka ita ma ta shiga.

Wani abin da nake so game da shi, yana koya mana kalandar teku. Guguwa a Tekun Arabiya lokaci biyu take da shi, Mayu da Yuni, sai Oktoba da Nuwamba. A tsakani, lokacin da Salala ke cikin yayyafin kharif tana kore shar, iskar damina ta Indiya tana kaɗawa da ƙarfi daga kudu maso yamma a ƙasa, ta sama kuma daga gabas, ga fankar nan da ke karya hayaƙi. Gonu, wadda ta fi duk wadda aka taɓa aunawa ƙarfi a wannan teku, Yunin 2007 ta daki Maskat. Chapala ta sauka kusa da Mukalla ta Yaman a Nuwamban 2015. Shaheen ta shiga gaɓar Batina ta Oman ranar 3 ga Oktoban 2021, kuma ita ragowar wata guguwa ce mai suna Gulab da ta mutu a kan ƙasar Indiya, ta tsallaka, ta tarar da ruwan ɗumi ta farfaɗo. Yanzu sarina na shekara a kan wannan kalandar nake tsara shi. Duk da haka a ƙarshen Agustan 2024 sai ga Asna ta ƙullu a watan da ya ce mana ba a yi. Da kansa ya fara faɗa, ya ce rabon da a ga haka a Agusta tun 1976, ya kuma ce mu zuba ido busasshiyar iska za ta cinye ta kafin ta kai Oman. Haka aka yi.

Sunayen ma shi ya warware mana su. Ashe ofishin yanayi na Indiya da ke Delhi ne ke raɗawa, daga jerin da ƙasashe 13 suka tara, har da Saudiyya. Jawad ta Disamban 2021 sunan da Saudiyya ta bayar ne. Luban kuwa Oman ce ta bayar, sunan abin da nake ci da shi. Ranar da ya ba da labarinta na saurari saƙon sau uku. A Mayun 2018 Mekunu ta sauka dab da Salala, ta zubar da ruwa sama da milimita 270 a kwana ɗaya, fiye da abin da garin ke samu a shekara guda cur, har tafkuna suka kwanta a tsakanin tuddan yashin Rub'ul Khali. A Oktoba Luban ta ƙara wani ruwan a kai. Ciyawa ta fito inda ba kowa, fara ta samu wurin hayayyafa zuriya bayan zuriya ba mai ganinta. Ita ce farar da ta fantsama Yaman da gaɓar Bahar Maliya, ta tsallaka Habasha da Somaliya, ta yi wa Kenya ɓarnar da ba ta ga irinta ba cikin shekara 70. Ina tuna farar nan, kuma ko a mafarki ban taɓa haɗa ta da guguwar teku ba.

Matsalolin zauren a fili suke. Malam malami ne, kuma malami ba ya son taƙaitawa. Saƙo yakan kai minti goma sha ɗaya, abin da direba ke buƙata, wato ya tashi ko kada ya tashi, sai a minti na tara zai ji shi. Mun roƙa ya riƙa fara wa da hukunci sannan dalili, yakan yi kwana biyu ya koma gidan jiya. Hausarsa ta mutanen Sudan ce, cike da Larabcinsu, mu da muka tashi a nan ba ta ba mu wahala, amma wani yaro da ya zo daga Katsina bara sai da na riƙa fassara masa. Babba daga ciki kuma, mutum ɗaya ne. Da ya kwanta asibiti kwana tara zauren shiru ya yi, ba wanda ya riƙe masa, ba a kuma rage mana kuɗin watan ba. Ban nemi a rage ba, amma kamata ya yi a ce akwai mataimaki. Shi kansa yana yawan cewa kada a mai da shi madadin Cibiyar Yanayi ta Ƙasa: in jan gargaɗi ya shigo wayarka daga hukuma, shi za ka bi, ko me Malam ya faɗa da Asuba. Wanda abin da yake so kawai shi ne ya san ko za a yi ruwa gobe a unguwarsu, ya riƙe riyal talatin ɗinsa, wayarsa za ta gaya masa kyauta. Zauren nan na wanda dukiyarsa ko ransa ke bin hanyar teku ne, ko hanyar da ruwan teku ke iya yankewa.

Akwai wani saƙo guda da na adana, na tura wa 'ya'yana duka. A watan Satumba ne, teku a nan shiru, sai wani ya tambaye shi daga ina guguwar da ke dukan Amurka take tasowa. Malam ya yi ɗan jim, sannan ya ce daga gida. Ya ce a lokacin damina zafin Sahara da sanyin dazuzzukan kudu suna haifar da wata iska mai gudu a sama daga gabas zuwa yamma, kuma duk bayan kwana uku zuwa biyar sai ta yi wani lanƙwaso mai ɗauke da tarin hadari. Da yawa daga cikinsu a kan duwatsun Habasha da Jabal Marra ta Darfur suke farawa. Su ratsa Chadi, su shayar da gero a Damagaram da Kano da Sakkwato, su wuce Mali, su faɗa Tekun Atlantika ta gaɓar Senegal. Kusan sittin ake yi a shekara, yawancinsu a hanya suke mutuwa. Kaɗan da suka tarar da ruwan ɗumi da kwantacciyar iska a wajen tsibiran Kef Bad su ne ke girma, kuma mafi yawan manyan guguwowin Atlantika daga cikinsu suke fitowa. Irma ta 2017, wadda ta ragargaza tsibiran Karebiyan ta shiga Florida, haka ta faro.

Kakana da ƙafa ya taso daga Kano, ya bi ta Chadi, ya shiga Junaina da Fashir da Ubayyid, ya yi shekara bakwai yana noma a hanya kafin ya ga ruwan Sawakin. Na kira Malam da La'asar na gaya masa haka. Ya ce nasa kakan ma ta nan ya biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, sai dai shi a bakin Nilu ya tsaya. Muka jima muna lissafa garuruwan, shi yana faɗo su daga gabas yadda hadarin ke bi, ni ina faɗo su daga yamma yadda aka ba ni labari, har aka kira Magariba. Washegari na tura kuɗin wata shida a dunƙule, na haɗa da roƙon da na saba, cewa don Allah ya riƙa gaya wa direbobi abin yi a minti na farko.